Burodin da Aka Sa wa Rodi

Yayana birkila ne. Na faɗa, kuma idan ya ji na faɗa sai ya daina amsa gaisuwata, domin shi a wurinsa Injiniya ne. Ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma nace har duk mutanen gidan hayarmu suka gaji suka bi shi. Hannunsa na da kyau a gini, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalarsa ɗaya ce: ya ɗauka duk abin da ke duniyar nan da siminti da yashi aka yi shi, kuma shi kaɗai ya san awon.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, yarinya mai surutu kamar rediyo. Ta yi ta rama tana ciwon ciki har muka rasa inda za mu sa kanmu. Da aka yi gwaje-gwaje a asibiti, likita ya ce cikinta ne ba ya shiri da alkama. Akwai wani sinadari a cikin alkamar wai shi gulutin, ko ɗan mitsitsi ya shiga bakinta sai ta kwanta. Ya ce a raba ta da alkama kwata-kwata, a kuma yawaita mata abinci mai furotin, irin su wake da ƙwai da madara, ko ta ciko. Anti, matar Yaya, ta dawo gida ta tattara fulawa da taliya da biskit ta rabar, ta wanke kicin kamar za a yi tiyata a ciki.

Auta ta fara samun sauƙi, sai dai abu ɗaya ya tsaya mata a rai, wato burodi. Kullum da safe idan mai burodi ya wuce sai ta leƙa taga ta bi shi da ido, ba ta cewa uffan. A ce yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta yi shiru, wallahi abin yana taɓa ni.

Wata rana muna zaune a tsakar gida, Anti ta ce ta ga yadda ake burodin kasko ba tare da alkama ba, irin falle-fallen nan marasa kauri. Garin wake ne da ƙwai da yogot da ɗan gishiri.

"Sai dai an ce yana da saurin karyewa," in ji ta. "Gulutin ɗin nan shi ne yake riƙe kwaɓi, to tunda babu shi sai an lallaɓa."

Yaya ya ajiye kofin shayinsa. "Me kika ce yana yi? Riƙe kwaɓi? To ai siminti ke nan! An cire siminti, sai a nemo madadinsa. Wannan ba aikin girki ba ne, aikin injiniya ne. Auta, zo nan. Ni ubanki zan yi miki burodin da ba a taɓa yin irinsa ba."

Mai Faci yana jin mu. Shagonsa na facin taya yana bakin ƙofar gidan, kunnensa kuma kullum yana ciki, kuma ba shi da aikin da ya fi so irin tsokanar Yaya. Ya leƙo ya ce, "Injiniya, kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa dafawa ba?"

"Ni da na zuba kankaren rufin bene, burodi ne zai gagare ni? Koma kan tayarka, malam, manya na magana."

Anti ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. "Maman Auta, ba a shiga wurin aiki sai da izini. Daga yau kicin ɗin nan wurin aiki ne."

Washegari ya shigo da cokalin gini sabo fil da ma'aunin daidaito, irin mai ɗigon ruwan nan a tsakiya. Anti ta ce sai an tafasa cokalin ko kuma a ji su a titi, ya yarda yana gunaguni. Ya tara garin wake a roba ya yi rami a tsakiya kamar yadda yake yi wa siminti, ya fasa ƙwai, ya zuba yogot, ya yi ta juyawa yana fito. Sannan ya shafa kwaɓin a kasko da cokalin, yana lailaye shi kamar filasta, ya ɗora ma'auni a bakin kaskon ya rufe ido ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, ƙamshin da ya tashi ya cika gidan. Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana haɗiyar yawu. Har Kaka, tsohuwar da ke ɗakin baya mai kiwon kaji, sai da ta dogara sanda ta fito.

Yaya ya fito da burodin a faranti, ja-ja-ja da shi, gefensa ya yi ƙus-ƙus. Auta ta miƙa hannu, ya janye.

"Tsaya. Ba a shiga gini sai an gwada shi."

Kun san yadda suke gwada bulo? Ɗaga shi ake yi daidai kafaɗa a sake shi, in bai fashe ba ya yi kyau. To haka Yaya ya ɗaga burodin nan daidai kafaɗarsa ya sake shi a kan tebur. Burodi ya ce ras, ya watse gutsi-gutsi.

Mai Faci ya riƙe ciki. "Injiniya, bene ya rushe! A kirawo motar asibiti!"

"Baba, ai ba komai, zan iya..." in ji Auta.

"A'a! 'Yata ba za ta ci ginin da ya rushe ba. Me mutane za su ce? Kwashe duka ki kai wa kajin Kaka."

Ta kwashe a faranti ta yi bayan gida, kanta a sunkuye. Na ce, "Haba Yaya, ka bari ko ɗanɗanawa a yi mana." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ke, kin taɓa ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya? To yi mini shiru."

Zagaye na biyu, ya ce ya gano madadin siminti, wato sitacin rogo. Anti ta ce ai cokali guda ake sawa. Ya ce wannan awon matsorata ne, ya juye rabin leda. Abin da ya fito daga kasko yana sheƙi, ya ɗaga ya saki, bai fashe ba, sai ma ya yi tsalle ya faɗo ƙasa.

"Kun gani?" in ji Yaya yana buga ƙirji.

Mai Faci ya ɗauki wani falle ya sa a baki ya ja. Burodi ya biyo shi. Ya ƙara ja, hannunsa ya miƙe iyakar tsawonsa, burodi bai tsinke ba. Da ya saki sai ya dawo ya mare shi a hanci.

"Injiniya, don girman Allah ka bar mini wannan. Akwai tayar baro da ta ƙi faci tun bara."

Wanda ya faɗi ƙasa kuwa zakaran Kaka ne ya fyauce shi, wata kaza ta kama ɗaya gefen, suka yi ta ja har suka gaji suka zauna suna haki. Kaka ta ce idan kazarta ta mutu ta san ƙofar da za ta buga.

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Yaya kuwa sai ya ce ya gano kuskuren: ya yi gini babu rodi. Da yamma sai ga shi da ƙunshin taliya a hammata, wai zai jera ta a cikin kwaɓi kamar ƙarafan rodi a cikin kankare. Anti ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Auta, taliya da me ake yin ta?"

Ya shiga sosa ƙeya.

"Da alkama! Ka shigo mini da ita kicin, wallahi sai dai ka kwana a shagon Mai Faci."

Ta fizge ta miƙa wa Kaka. Yaya bai karaya ba, ya yanka karas dogo-dogo ya jera su a tsaye da kwance. Ya ƙara garin waken soya, wai don furotin ya ninka. Ya buga ɗan akwatin katako ya zuba kwaɓin a ciki, ya daddanna da cokalin gini, ya kai bayan tankin ruwa ya ajiye. Na ce ba gasawa za ka yi ba? Ya ce sai ya kama jikinsa tukuna. Safe da yamma yana zuwa da buta yana yayyafa masa ruwa, yadda ake shayar da sabon bulo.

Jama'a, ƙwai da yogot da garin wake, a rana, ana ba su ruwa! Kafin ka ce me, gidan ya ɗauki wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Masu haya suka fara zargin juna. Kaka ta rantse ɓera ne ya mutu a rufin wani. Ƙudaje suka yi gayya daga unguwanni. Mai Faci ya ɗaure hanci da tsumma, ya bi warin har bayan tanki, ya ɗaga buhun da aka rufe akwatin da shi, ya yi baya da gudu.

"Injiniya! Gininka ya rasu, a zo a yi masa sutura!"

Yaya ya zubar da shi a ɓoye, ya sake wani kwaɓin da karas ɗinsa ba tare da shayarwa ba, amma wannan karon ya ce wuta ce za ta kama shi. Ya bar shi a kasko har hayaƙi ya kore mu waje. Da ya ɗaga ya saki, tebur ne ya yi ƙara. Burodi ko gezau.

"Ya ci gwaji!" Yaya ya yi ihu. "Ga rodi, ga ƙarfi! Mai Faci, zo ka ɗanɗana, in kai namiji ne."

Mai Faci ya gatsa. Muka ji ƙas. Ya dafe kumatu ya zagaya tsakar gida yana kiran sunan Allah. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ɗauki burodin ya tafi da shi shago, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar bencinsa da ta daɗe tana rawa. Benci ya zauna daram.

Auta ta jiƙa nata a shayi, ta jira, ta jira, ta taɓa da cokali, cokali ya yi ƙara. Ta ture kofin a hankali ta ce, "Baba, ka bari kawai. Na haƙura da burodi."

Na ga fuskar Yaya ta sauya. Maganar ta soke shi, na sani. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne labari ya fita titi. In ya wuce sai ka ji wani ya ce, "Injiniya, akwai sauran tayil ɗin nan mai karas? Banɗakina nake son gyarawa." Ya daina zama a ƙofar gida. Ya yi ta zirga-zirga yana magana shi kaɗai.

Sai ranar hutun ƙarshen mako ya tashi da fara'a. Ya bi ɗaki-ɗaki yana gayyata, wai yau za a buɗe aiki, kowa ya zo ya ga abin da ilimi ke yi. Ya jira Anti ta tafi kasuwa, sannan ya kira ni gefe.

"Ƙanwata, ki kai Auta kitso. Ki sa a yi mata ƙanana-ƙanana, masu yawa. Kada ku yi sauri."

Ni kuwa na ɗauka so yake ya ba ta mamaki idan mun dawo. Bakina kuma ba ya riƙe magana, wannan halina ne, kowa ya sani. Mai kitso ta kai rabin kai ke nan na ce, "Yau fa Babanki ya ce burodi ya yi." Shi ke nan! Yarinya ta zame daga tsakanin ƙafafun mai kitso ta zura da gudu, rabin kai a kitse, rabi a tsaye kamar tsintsiya. Na bi ta ina haki, takalmina ɗaya a hannu.

Muka tarar da tsakar gida cike. Yaya ya shimfiɗa wa tebur sabon zani, ya sa hular kwano ta wurin aiki, ga tulin burodi a gabansa, kuma wallahi burodin ya yi kyau. Laushi luɓus, ga ɗigo-ɗigon gasuwa, ga tururi. Ya ɗaga ɗaya ya saki, ya sauka lafiya. Ya naɗe shi biyu, ya naɗe huɗu, ya warware, ko tsaga babu.

Mai Faci yana tauna da gefen bakin da ba ya ciwo. Ya haɗiye, ya cire hula. "Injiniya, yau kam na sara maka. Na janye duk abin da na faɗa."

"Ai ilimi ba a ɓoye yake ba," in ji Yaya yana gyara hular kwano. "Sirrin yana cikin awo. Ku da ba ku..."

"Baba!"

Auta ta ratsa mutane ta cafki falle ɗaya. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube irin ta Yaya a lokacin ba. Kafin ta kai baki ya fizge ya cusa a nasa.

"Wannan gefensa bai daidaita ba," ya ce da cikakken baki.

Ta ɗauki wani. Ya fizge ya cusa. "Wannan akwai tsaga a ciki, ido ba ya gani."

Ta ɗauki na uku. "Wannan samfur ne, ba a cin samfur."

Ƙarar taunar Yaya ta cika tsakar gida. Auta na ɗauka yana fizgewa, yana turawa, idanunsa sun firfito, gumi na zuba daga ƙarƙashin hular kwano. Da ya ga hannunta ya fi nasa sauri sai ya rungume tulin gaba ɗaya ya shiga ci bibbiyu.

"Kai, ɗan nan!" Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Ba ka da kunya? Uba ya cinye abincin 'yarsa marar lafiya a gaban jama'a?"

"Injiniya, a sha ruwa mana," in ji Mai Faci. "Ko siminti ai da ruwa yake tafiya."

Ni kam raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, wannan wane irin rashin imani ne? Yarinyar nan ta baro kitso rabi saboda kai!"

Daidai nan Anti ta shigo da kayan cefane. Ta kalli mijinta, kumatu kamar an hura balan-balan. Ta kalli burodin da ya rage, ta ga yadda ya lanƙwashe a gefen faranti bai karye ba. Na ga idonta ya ƙanƙance.

Ana cikin haka falle ɗaya ya suɓuce daga hammatar Yaya. Auta ta cafe shi a iska, ta zille bayan Kaka, ta ɗaga shi zuwa baki. Yaya ya miƙa hannu, tebur ya tare shi. Bakinsa cike, magana ta ƙi fita. Ya runtse ido ya haɗiye abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, ya kwatsa ihun da sai da kaji suka watse.

"Ajiye! Auta, ajiye! Da alkama a ciki!"

Burodi ya faɗi daga hannunta.

Anti ta yar da cefane, ta ja yarinyar zuwa famfo ta shiga wanke mata hannu da sabulu, tana tambayarta ko ta kai baki. Auta ta girgiza kai. Sai a lokacin na ji numfashina ya dawo.

"Au!" in ji Kaka. "Shi ya sa ka zo da sassafe aron fulawa, ka ce takarda za ka liƙa a bango?"

Mai Faci ya mayar da hularsa a hankali. "Na janye janyewar da na yi."

Dariya ta ɓarke, har da masu leƙowa ta katanga. Yaya ya zauna a kan bokitin da aka kife, ciki ya yi tum, hular kwano ta karkace. Ya ce shi nuna wa mutane kawai ya so yi a rufe masa baki, shi ya sa ya ce a kai ta kitso. Anti ta watsa masa wani irin kallo, wanda da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Auta ta zo ta tsaya a gabansa, hawaye na bin kumatunta. Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Na kasa, Auta. Na yi miki alkawari na kasa. Ki yafe wa Babanki."

Ta share hanci da bayan hannu. "Baba, ni fa na farkon nan nake so."

"Wanne?"

"Mai rushewa. Ban kai wa kaji ba. Bayan tanki na zauna na cinye duka. Da daɗi, kuma cikina bai yi ciwo ba. Kullum ina so in ce ka sake, sai ka ce manya na magana."

Mai Faci ya cusa tsumma a baki don kada dariya ta kashe shi. Yaya ya kalli 'yarsa, ya kalli jama'a, ya yi gyaran murya, ya daidaita hular kwano.

"Ai dama na sani," ya ce. "Wancan shi ne ainihin tsarin. Sauran duk bincike ne."

Anti ta ɗora masa soso da sabulu a cinya. "To Injiniya, a je a binciki kaskona da robata da teburina. Ƙwayar fulawa ɗaya na gani, za ka sake daga farko."

Ya yini yana wanke kicin, yana gyatsa, yana nishi, mu kuma muka koma aka ƙarasa kitso.

Yanzu kullum da safe Yaya ne a kicin da cokalin gininsa. Garin wake, ƙwai, yogot, gishiri, ba rodi ba shayarwa. Auta ta ciko, surutu ya dawo har muna neman hutu, mai burodi kuwa ko kallonsa ba ta yi. Wancan mai karas ɗin yana nan a ƙarƙashin bencin Mai Faci, kuma duk wanda ya zo neman birkila sai Yaya ya kai shi ya nuna masa, wai ya ga irin ƙarfin aikinsa.

Idan ya gasa, da hannu biyu yake ɗauko shi yana cewa a ba shi hanya. Sai Auta ta tura farantinta gaba ta ce, "Baba, a yi gwaji." Ya ɗaga daidai kafaɗa, ya saki. Burodi ya ce ras, ya watse. Ita ta yi tafi, shi kuma ya juya baya don kada ya gani.